Takardar ta ce "rashin ji", ba ta faɗi mafari ba

Malam Likita. Ni matar aure ce a Kwadaso, nan Kumasi. Maigidana mai fentin mota ne a Suame Magazine. A 2017 tarin tibi ya kama shi, irin wanda ba ya jin maganin farko. Wata biyar ana yi masa allura kusan kullum, ga ƙwayoyi. Alhamdulillahi tarin ya warke, amma tun kafin a gama allurar ya fara cewa yana jin kukan gyare a kunne. Yanzu ko an kira sallah a masallacin bayan gidanmu sai na taɓa shi. Yayyensa sun ce iska ce, abokan aikinsa sun ce ƙarar guduma ce.

Da muka je neman tallafin masu naƙasa, an ce mu kawo rahoton likita. Abin da aka rubuta mana kawai shi ne "rashin ji", sai wata lamba, H91.9. Ba a ko ambaci allurar ba. Watan jiya kuma ƙafarsa ta yi gyambo, a wani ƙaramin asibiti aka ce za a yi masa jentamisin. Gabana ya faɗi, na hana, nas ɗin ta ce na cika iyayi. Na yi daidai? Lambar nan kuma, in bar ta haka?

Maman yara, Kwadaso

Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Kin yi daidai da kika tsayar da su. Abin da ya dame ni shi ne, faɗuwar gabanki ce ta tare allurar nan, alhali aikin takarda ne. Ran da aka kai shi asibiti kina kasuwa fa?

Ban duba maigida ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba. Sai dai a shekarar da kika ambata, kanamisin ce allurar da aka fi yi wa masu irin wannan tarin, kuma ita da jentamisin da amikasin da sitireftomisin 'yan ɗaki ɗaya ne. Can cikin kunne akwai wani lungu mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi da ke karɓar sauti. Magungunan nan suna kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, sau da yawa tare da kukan gyaren da ya faɗa miki. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cire kanamisin daga maganin wannan tarin.

Lambar kuwa daga kundin cututtuka na hukumar take, wanda ake kira ICD-10, da shi asibitocin Gana ke cike takardun inshorar lafiya. H91.9 na nufin rashin ji da ba a fayyace ba, wato kwandon da ake jefa abin da ba a tsaya bincika ba. Kurumtar da magani ko guba ta jawo tana da tata lambar, H91.0, sannan a haɗa ta da ta biyu mai nuna sanadin. Ga dangin kanamisin, Y40.5 ce. Ki riƙe ma'anar wannan ta biyun, za ta yi miki amfani: magani ne da aka bayar bisa ƙa'ida, ya yi illa. Ba ta tuhumar kowa. Na sha ganin ma'aikaci ya ɗaure fuska da zarar an ce "allurarku ce", don yana jin ƙanshin kotu. Ki shiga da sallama, ki ce tarihin mijinki kike so a cike.

Kada kuma ki ɓata bakinki wajen ma'aikacin ɗakin fayil. Shi abin da likita ya rubuta yake mayarwa lamba. Sai likita ya rubuta da hannunsa cewa kurumtar ta biyo bayan magani kaza, kunne ɗaya ko biyu, kafin lambar ta canza. Likitan ma yana bukatar hujja. Ku koma sashen tibi inda aka yi jinyar, ku nemi kwafin katin magani, mai sunan allurar da yawanta da ranar farawa da ta gamawa. Ku tambaya ko an auna jinsa kafin a fara. Daga nan ku nemi a tura ku sashen kunne na asibitin koyarwa na Komfo Anokye a yi sabon awo, a kuma duba ko na'urar ƙara ji za ta taimake shi.

Abokan aikinsa ma ba shirme suka faɗa ba. Ƙara tana cin kunne, lambarta H83.3, kuma ruwan tsinka fenti na ɗauke da sinadarai irin su toluwin da zailin, waɗanda ke ƙara ɓarnar idan sun haɗu da hayaniya. Ku faɗa wa likita shekarunsa nawa yana feshi, da takunkumi ko babu. Takardar awo kan ba da haske: ɓarnar ƙara kan lotsa ne a wajen sautin 4000 Hz, ta magani kuwa daga can ƙololuwa take gangarowa. Idan duka biyun ne, a rubuta duka biyun. In zai koma bakin aiki, ya toshe kunne, ya rufe hanci, ya yi feshi inda iska ke wucewa.

Masu tallafi sun fi duba zurfin kurumtar, awon zai wadatar da su. Da rahoton ya fito, ki sa a rubuta sunan maganin a ƙaramin kati, ki haɗa da katin inshorarsa. Ki kuma roƙi mai ba da magani ya kai rahoton illar ga hukumar abinci da magunguna ta ƙasa, suna da fom na musamman. Amma katin ba na gardama ba ne. Akwai ciwon da sai irin allurar nan ke ceton rai, likita ne zai auna da saninsa. Allurar kwinin da ta furosemaid su ma a riƙa faɗa kafin a yi.

Yayyen nan masu maganar iska, idan uwarsu ɗaya da shi, ki sanar da su sunan maganin. Wata biyar na allura kaɗai ya isa ya yi wannan ɓarnar, amma akwai wani gado da ke sa kunne saurin lalacewa da dangin kanamisin, kuma ta wajen uwa yake bi. 'Ya'yan 'yan'uwansa mata na cikin lissafin. Naki yaran ba za su ɗauko shi daga wajen babansu ba.