Yadda A Ke Share Akwatin Rairayar Iri Da Kiyaye Wayarsa

Wannan takarda domin manoma ce waɗanda su ke da akwatin rairayar iri, da kuma dagatai da masu unguwa waɗanda a kan ajiye irin wannan akwati a hannunsu domin amfanin jama'a. Maganarta ɗaya ce, watau yadda za a share wayar akwatin, a kiyaye ta har ta daɗe tana aiki.

Akwatin nan ba abu ne mai wuya ba, kowane kafinta ya iya haɗa shi. Rariya biyu ce ko uku a kan jera a cikinsa, wata bisa wata, kowace da nata katakon gefe, ana iya zare ta a mai da. A ƙarƙashinsu duka akwai aljihu inda ƙura ta ke taruwa. Ta sama mai manyan idanu ce, kamar ido 4 a tsawon inci ɗaya. Tsaba ta kan wuce ta cikinta, ita kuwa ta tare kara da manyan tsakuwa da guntayen zangarniya. Ta ƙasa mai ƙananan idanu ce, ido 16 zuwa 20 a inci ɗaya, kamar wayar da a ke sa wa taga domin sauro. Ita gero da dawa ba su wuce ta, sai rairayi da ƙura da ƙananan ƙwayoyin ciyawa. Ka lura da wannan lissafi: yawan idanu a inci, shi ne ƙanƙantarsu. Waya mai ido 20 a tsaye da 20 a kwance tana da ido 400 a ɗan fili mai inci ɗaya ko ta ina, kowane ɗaya kuwa yana iya toshewa. Amma kada ka zuba acca bisa wannan waya, gama ƙwayarta ta yi ƙanƙanta, da yawa za ta bi ƙura.

Dalilin Da Ya Sa Ta Ƙasa Ta Fi Bukatar Kulawa

Kowane manomi ya san wuta-wuta, wadda waɗansu su ke kira ƙuduji. Ya san yadda dawa ta kan tsaya cak, ta yi ja, tun ba a ga jan furen nan a gona ba, domin tana can ƙarƙashin ƙasa ta kama saiwa tana shan abincin dawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙanƙantar ƙwayarta. Sai ka jera uku kafin su cika milimita ɗaya, in ka gan su a tafin hannu sai ka ce ƙura ce. Tushe ɗaya ya kan zubad da ƙwaya fiye da 50,000, suna kuwa iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 da ransu, ba su tsira sai saiwar dawa ko gero ko masara ta zo kusa da su. A shekarun 1990 masu bincike na tashar IITA ta Ibadan sun sayi hatsi a kasuwanni suka duba, suka tarad da ƙwayar wuta-wuta gauraye da shi. Ashe mutum ya kan ɗauko ta da kuɗinsa, ya shuka ta da hannunsa. A wurin sussuka ne ta ke shiga, sa'ad da aka shimfiɗa zangarniya a ƙasan gonar da ta ke da ita.

To, idon waya mai kyau ya fi wannan ƙwaya faɗi wajen sau uku, saboda haka in ana girgiza akwati ta kan faɗa cikin aljihu tare da rairayi. Amma in idanun sun toshe, sai ta zauna bisa waya tare da iri, ka kwashe su gaba ɗaya ka zuba a buhu, kana tsammani ka rairaye. In ta sama ta huje, nan da nan za ka ga kara cikin tsaba. In ta ƙasa ta huje, za ka ga gero cikin aljihu. Toshewa kuwa ba ta nuna kanta, sai bayan shekara ka gani a gona. Domin haka mu ke cewa toshewa ta fi huji muni.

Sharar Kowace Rana

Kada ka rairaye hatsi mai danshi, ko da sassafe sa'ad da raɓa ba ta ɗauke ba. Danshi shi ne ya ke mai da ƙura taɓo cikin idanu. Kada kuma ka cika rariya. Zuba kaɗan kaɗan, yadda kowace ƙwaya za ta taɓa waya.

Da ka gama aikin yini, zare kowace rariya, ka kife ta bisa tsohon buhu, ka bubbuga katakon gefe da tafin hannu. Katako za ka buga, ba waya ba. Sa'an nan ka goge ta da buroshi mai laushi, tsohon buroshin haƙori ma ya isa. Ka fara gogewa ta bayanta, watau ta gefen da ya ke kallon ƙasa, domin abin da ya maƙale ya koma ta inda ya shigo. In ka goge ta sama, ƙara cusa shi ka ke yi. Bayan haka ɗaga ta sama ka dubi haske ta cikinta. Inda ka ga duhu, ba ta fita ba tukuna.

Kul ka ɗauki ƙusa ko allura ko bakin wuƙa ka ce za ka tsokane idanu. Waɗansu suna yi, suna ganin himma ce, amma kowane idon da aka tsokane ya kan buɗe, na kusa da shi ya matse, rariya ta tashi daga aiki ba ta ko yage ba. In tsakuwa ta ƙi fita, tura ta daga baya da ɗan tsinken ciyawa.

Ƙurar da ta taru a aljihu da wadda ta zuba bisa buhu, ƙone ta. Kada ka zuba ta a juji, gama takin juji gona za shi. Kada ka ba dabbobi, domin waɗansu ƙwayoyin su kan fita cikin kashi da ransu. Wannan ɗan aiki ne, amma in ka bar shi duk wahalar rairayar ta zama banza.

Wanki

Gero da dawa ba su cika bukatar a wanke waya ba, shara ta isa. Gyaɗa da riɗi ne su ke barin maiƙo, ƙura ta bi maiƙon ta daskare, har ka ji waya tana danƙo a yatsa. In haka ta faru, kawo ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, ka riƙe rariya a tsaye, ka wanke waya da buroshi, ka ɗauraye. Kada ka tsoma ta duka cikin ruwa, domin katako ya kan sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya karkace, waya ta saki. Ka tsane ta da ƙyalle, ka jingine ta a tsaye inda iska ta ke kaɗawa har ta bushe sarai, musamman a lungun da waya ta haɗu da katako, gama daga nan ne tsatsa ta ke farawa. Wayar baƙin ƙarfe ita ta fi saurin tsatsa. Ta tagulla da ta farin ƙarfe marar tsatsa sun fi ta jimiri, ko da ya ke sun fi tsada. Ta roba ba ta tsatsa, amma rana tana cinta, ɓera ma yana ci. Kada ka shafa wa waya man gyaɗa domin tsoron tsatsa, ƙura za ka tara. Baƙin mai na mota kuwa ba ya kusantar abin da za a ci.

Rariyar gyaɗa dabam ce, mai manyan idanu, aikinta zubad da ƙananan ƙwayoyi da fasassu da waɗanda suka yanƙwane. Waɗannan su ne suka fi ɗaukar fumfuna mai dafi. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa mai wannan fumfuna, daga nan aka gane dafin, aka kuma gane yana ɓata hantar mutum. Kada a bar guntayen gyaɗa su kwana cikin akwati da damina.

Akwai kuma abu biyu da waya ta kan ɗauka daga wannan iri ta kai wa wancan. Na fari baƙin garin burtuntuna ne. In ka rairaye dawa mai burtuntuna, wanke waya kafin ka zuba wata. Ka sani kuma rairaya ba ta raba iri da wannan cuta, sai maganin gauraya iri. Na biyu shi ne maganin kansa, gama guba ne. Rairaya ta ke fara zuwa, sa'an nan magani. Irin da aka riga aka gauraya da magani ba ya shiga akwati har abada.

Gyara Da Ajiya

Ƙwanƙwasa tsakiyar waya da yatsa. In ta miƙe, za ka ji ta yi ƙara tana mai da yatsa. In ta saki, sai ta lotsa, hatsi ya taru a tsakiya ya ƙi bazuwa. Gyaranta shi ne a cire siraran katakon da suka danne bakinta, a kafe gefe ɗaya da ƙananan ƙusoshi, a ja ta sosai zuwa gefen da ya ke fuskantarsa a kafe, a yi wa sauran biyun haka, a mai da katakon. Ɗan huji a ta sama, ana iya ɗora masa guntun waya irinta wanda ya fi shi faɗi, a ɗinke da siririyar waya. Ta ƙasa kuwa, in ta huje ko ta yi tsatsa, mun fi son a sake ta, domin faci ya kan rufe idanu da yawa, ƙura kuma ta ɓuya ƙarƙashinsa.

Da hunturu katako ya kan tsage. A cikin tsagar nan ne ƙwaron hatsi ya ke ɓuya har kaka ta zagayo. Share ta da tsinke, ka ce kafinta ya cike ta. In za a ajiye akwati, a rataye shi cikin ɗaki, nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara, a rufe shi da ƙyalle, kada a ɗora kome bisa waya. Katakon maɗaci da na kirya sun fi farin katako jure wa gara.

Ga Dagatai Da Masu Unguwa

Akwatin da gari duka ya ke ara, shi ya fi haɗari, domin yana iya kwaso wuta-wuta daga gonar mutum ɗaya ya kai ta gonaki ashirin. Ku danƙa shi ga mutum ɗaya mai amana. Wanda ya ara duka ya komo da shi a share, mai tsaro ya zare kowace rariya ya dubi haske ta cikinta, ya leƙa aljihu, kafin ya ba wani. Ya fi kyau ma a yi rairayar a wuri ɗaya, a ƙofar gidan mai unguwa, a ƙone ƙurar nan take kowa yana gani.

Kafin lokacin shuka ku gwada shi gaban jama'a. Ku auna mudu ɗaya na gero mai tsabta, ku zuba masa cikin hannu ɗaya na lallausan rairayi busasshe, ku gauraya, ku rairaye kamar yadda aka saba. Sa'an nan ku juye geron bisa farin ƙyalle ku motsa shi. In kun ga rairayi bisa ƙyallen, waya ta toshe, ko kuwa an cika ta da yawa. A share a sake gwadawa. In kun tarad da gero cikin aljihu, akwai huji, ku neme shi a bakin katako, gama a nan ya fi ɓuya.