Darasi: In Giya Ta Ƙi Sauka Bayan Canjin Inji

'Yan'uwa manoma, da kaka motar ƙungiya ba ta hutu, kullum tana jigilar masara daga Doguwa da Tudun Wada zuwa kasuwar Dawanau. Shi ya sa mukan sayo mata inji a Ƙofar Ruwa in nata ya gaji. To, in mai canja giya da kanta ce, wani lokaci bayan aikin sai direba ya taka totur a hawa, giya ta ƙi sauka, mota ta yi ta nishi. Kada mu yi saurin sayen giyabos. Mu duba abu uku tukuna.

1. Man giya. A auna shi a fili mai lebur, inji da ɗumi. Ja shi ne mai lafiya. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone.

2. Wayar totur. A tsofaffin motoci ita ke gaya wa giyabos an taka. Wataƙila makaniki bai maƙala ta ba, ko ya bar ta sako-sako.

3. Kwamfuta. A sababbin motoci dole ta dace da injin da aka sa, kowane soket kuma ya zauna daram.

Kafin a gyara, direba ya sauke giya da hannu gaban hawa, a kuma rage lodi. In muka tilasta mata, giyabos zai ƙone, ribar masarar bana ta tafi gareji.