Darasi: Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma da Aikinsa

Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, kuma ta hannun ma'aikatansu talaka yake samun rigakafin yara da takardar shaidar asali. Ma'aikacin nan yana bukatar ƙarfafa gwiwa, yana kuma bukatar horo. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. Abu ne mai kyau, amma kuɗi kaɗai ba sa kai mutum ofis da ƙarfe takwas. Inda mai makara da mai himma suke samun ƙarin girma tare, jikin mai himma yakan yi sanyi, talaka kuwa ya wuni kan benci.

'Yan'uwa, ku tattauna a gida: in ɗanku akawu ne, albashinsa kuma ya makara, me za ku faɗa masa da safe?