Yadda ake sayar da kamfanin jinya a gida a Amurka

Kamfanin jinya a gida ba shi da katafaren gini ko injina. Mai saye yana biyan kuɗin marasa lafiyar da ke hannu ne, da ma'aikatan da ke shiga gidajensu, da kuma izinin karɓar kuɗi daga Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama. Waɗanda na ga suna sayarwa galibi tsofaffin ma'aikatan jinya ne da suka fara da mota ɗaya da jakar kayan aiki, sun san sunan kowane dattijon da suke yi wa wanka da sauya bandeji. Gajiya ce ke sa su saki.

Neman dillali da ciniki da duba littattafan kuɗi duk kamar na kowace sana'a ne. Lasisin jiha kuwa galibi ba ya bin ciniki. Sabon mai shi ne zai nema da sunansa. A Fulorida sai an shigar da takarda aƙalla kwana 60 kafin a miƙa kamfanin.

Inda ake tuntuɓe shi ne Medicare. Kowane ɓangare zai cika fom ɗin CMS-855A, amma kafin a ɗora biro a duba kalanda. Idan fiye da rabin mallakar kamfanin ya sauya hannu cikin wata 36 da rajistarsa, ko da sauyin mallaka na baya, izinin ba zai wuce ga mai saye ba, in ban da 'yan togaciya kamar rasuwar mai shi. Sai ya yi rajista daga farko, ya jira masu bincike, alhali albashin ma'aikata ba ya jira.

In an tsallake wannan, saura gādo. Wanda ya karɓi yarjejeniyar Medicare ya karɓe ta har da bashinta: duk kuɗin da aka biya tsohon mai shi fiye da ƙima, a wuyan sabo zai faɗa. Shi ya sa mai saye mai hankali yake zama ya karanta fayilolin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, yana neman sa hannun likita, sannan ya sa a riƙe wani kaso na kuɗin ciniki a hannun amintacce har ƙura ta lafa.

Ma'aikata kuma a gaya musu baki da baki kafin su ji a waje. Mai jinyar da ta ji an raina ta za ta tafi, kuma tsofaffin da suka saba da hannunta za su bi ta.