Ƙamshin Abinci Yana Tashi: Shawarwari Ga Gidajen Mubi

Kayan ƙamshin da uwargida take saye a kasuwar Mubi sun sha tafiya kafin su zo hannunta. Citta daga kudancin Kaduna take fitowa, wajejen Kachia da Kwoi. Kanumfari sai ya ƙetaro teku daga Zanzibar ko Madagaska ko Indonesiya. Daddawa da man shanu na ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da mu ne, wasu kuma ta kan iyakar Kamaru suke shigowa. Kuɗi ake zubawa a kansu ba kaɗan ba, amma a gidaje da yawa rabin amfaninsu a iska yake ƙarewa tun ba a ɗora tukunya ba.

Ƙamshi abu ne mai jiki, ƙananan ƙwayoyin sinadarai ne da ke rabuwa da abinci su bi iska su shiga hanci. A 1952 wasu masana biyu a Landan, Archer Martin da Anthony James, suka fito da hanyar rarrabe sinadaran da ke cikin tururi ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga lokacin an gano sama da 10,000 a cikin abinci da abin sha. A 2014 masu bincike a birnin Munich na Jamus suka tace wannan tarin, suka nuna cewa kimanin 230 ne kawai ke ɗauke da nauyin ƙamshin abincin ɗan Adam, kuma kowane abinci da 3 zuwa 40 daga cikinsu ake gane shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk ƙamshin da aka ji yana tashi daga ɗakin ajiya ya riga ya bar yajin, ba zai koma ba. Aikin mai girki shi ne ta tsare shi har lokacin da za a ci.

1. A sayi kayan yaji da gudansu, a daka na mako guda kawai. Tsiro yana ɓoye man ƙamshinsa a cikin 'yan ƙananan jakunkuna a jikin ƙwaya ko ɓawo ko saiwa. Muddin ba a fasa su ba, kanumfari da masoro da kimba suna iya shekara da ƙarfinsu. Da taɓarya ta sauka, jakunkunan sun fashe, iska ta samu ƙofa ta ko'ina, sai gari ya fara salancewa cikin 'yan makonni. Injin niƙa ya fi turmi ɓarna, domin yana ɗumama garin, zafi kuwa shi ne babban mai korar ƙamshi. In dole sai an kai inji saboda yawan aiki, kamar na biki ko suna, a baza garin ya huce a inuwa sannan a rufe shi nan take. Na san wahalar daka, na kuma san garin yaji na ƙulli ya fi sauƙi ga mace mai yara da sana'a. Amma cokali guda na sabon daka yana yin aikin da tsohon gari sai an ninka shi, kuma wanda ya daka da hannunsa ya san ba a gauraya masa komai ba.

Kanumfari yana da gwajinsa. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa mai ne, mafi yawansa sinadarin yujinol, wanda ke sa dasashi ya yi sanyi idan an tauna. A danna farce a jikinsa: mai kyau zai yi ɗan maiƙo. A jefa a kofin ruwa: mai kyau zai nutse ko ya tsaya a tsaye kansa a sama, wanda ya tsufa ko aka tatse mansa zai kwanta a saman ruwa.

2. Kwalba mai murfi, a wuri mai duhu, nesa da murhu. Zafi da haske da iska da laima su ne maƙiyan yaji, kuma kantar da ke saman murhu ta tara su duka. Leda ba ta tsare ƙamshi, ta cikinta yake fita. Roba kuma tana shanye shi, shi ya sa jarkar da ta taɓa ɗaukar kananzir ba ta rabuwa da warinsa ko an wanke ta sau nawa. Tsofaffin kwalaben da aka wanke aka busar sun isa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, kada kuma a zazzaga yaji kai tsaye daga kwalba a kan tukunya mai tururi.

3. Ganye a inuwa ake shanya shi. Ɗaɗɗoya da na'ana'a da ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami suna ajiye mansu a ganye, inda ranar bazara ke kwashe shi cikin yini guda. A tsinke su da safe, a baza a faifai a rumfa mai iska, a ajiye su da ganyensu, sai za a yi amfani a murje. Iskar hunturu tana busarwa da sauri, sai dai a lulluɓa ɗan yadi saboda ƙura. Barkonon da ake shanyawa a gefen kwalta kuwa, hayaƙin mota da ƙurar hanya yake sha, kuma a miyar wani zai ƙare.

4. Ɗanyar citta da busasshiya ba abu ɗaya ba ne. A ɗanya akwai jinjarol, mai yaji mai taushi, tare da ƙamshi mai kama da na lemo. Idan ta bushe, wani ɓangare na jinjarol yana rikiɗa ya zama shogawol, wanda yajinsa ya kusa ninka na farko, ƙamshin lemon kuma ya ragu. Don haka ɗanya ta fi dacewa da zoɓo da lemun citta da kifi, busasshiya kuma da yajin tsire da fura da kunu. Lokacin da cutar fumfuna ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, don haka kada a fere ta da wuƙa a zubar da nama. A kankare ɓawon da bakin cokali, domin man ya fi yawa a kusa da ɓawo.

5. Tafarnuwa sai an fasa ta take ƙamshi. Sinadarai biyu ne ke zaune a ɗakuna daban-daban a cikinta, dakawa ke haɗa su su haifi alisin, wanda Chester Cavallito ya fara warewa a Amurka a 1944. A daka, a bar ta kamar minti goma, sannan a zuba. Alisin ba ya jimawa, shi ya sa dakakkiyar tafarnuwa ko albasa da ta kwana take wari maimakon ƙamshi. Kada kuma a jiƙa ɗanyar tafarnuwa a cikin mai a ajiye a ɗaki kwana da kwanaki, ƙwayar cuta mai mugun dafi tana iya girma a ciki.

6. Kowane abu da lokacin shigarsa tukunya. Yawancin sinadaran ƙamshi sun fi narkewa a mai fiye da ruwa. Busassun kayan yaji masu tauri, irin su kimba da kanumfari da masoro, a sa su a mai mai ɗumi na ɗan lokaci kafin a tsaida ruwa, man zai riƙe ƙamshin ya raba shi ga dukan miyar. Wuta kaɗan, domin garin yaji yana ƙonewa nan da nan ya koma ɗaci. Ganye masu ƙamshi da lemun tsami da ɗan attaruhun da ake so a ji ƙamshinsa su ne na ƙarshe, dab da saukewa, a rufe tukunya. Haka shayi: na'ana'ar da ta yi rabin awa tana tafasa a buɗaɗɗiyar buta maƙwabta ta yi wa ƙamshi, masu shan shayin ruwan ganye kawai suka samu.

7. Ƙamshin gashi da suya ba a cikin ɗanyen abu yake ba, wuta ke ƙirƙirarsa. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912 yadda suga da sinadaran gina jiki ke haɗuwa a kan zafi su ba da launin ja-ja da sabbin ƙamshi. Daga nan ne ƙamshin tsire da kilishi da ƙuli-ƙuli da ɓawon burodi yake. Wannan haɗuwa tana kankama ne idan zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa ba ya wuce 100, don haka nama mai jiƙe ko kaskon da aka cika maƙil dahuwa yake yi, ba suya ba. A tsane nama, a soya kaɗan-kaɗan. Kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa suka yi suna da shi, a wajen suyar gyaɗar ake samunsa ko a rasa shi: suya sama-sama a kan wuta mai sauƙi, ana juyawa, har gafin ɗanya ya tafi amma gyaɗar ba ta yi duhu ba. Ƙwaya goma da suka ƙone sun isa su sa wa tukunya guda ƙauri.

8. Daddawa ta saɓa wa dokar ganye, da wuri ake sa ta. Bayan an dafa kalwa an cire ɓawonta an rufe ta kwana biyu zuwa uku, wata bakteriya mai amfani ce ke narkar da sinadaran gina jikin da ke ciki. Farfesa Sunday Odunfa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka fara nazarin wannan aiki a farkon shekarun 1980. A cikin abin da bakteriyar ke samarwa akwai sinadarai dangin firazin, irin waɗanda ke cikin soyayyiyar gyaɗa da koko, akwai mai ba da ɗanɗanon da ake nema a dunƙulen magi, akwai kuma amoniya, wadda ita ce zarnin da ke sa wasu yara gudun miyar kuka. Amoniya tana saurin tashi. Idan aka ɗan gasa daddawa a kasko kafin a daka, aka kuma sa ta tun farkon dahuwa, zarnin zai tafi ɗanɗanon ya zauna. A busar da ita sosai kafin ajiya, a ba ta kwalbarta ita kaɗai.

Haka ake yi wa daddawar batso, wadda ake yi da gurguzun yakuwa, maƙwabtanmu na arewacin Kamaru kuma suke kira mbuja. Abin yana damuna yadda 'yan mata ke tasowa suna jin kunyar daddawa suna ganin dunƙule shi ne wayewa, alhali daddawa abinci ce mai gina jiki, dunƙule kuwa mafi yawansa gishiri ne. Ga Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikin garin nan. Ɗalibin da ya zauna da tsofaffin da ke wannan sana'a ya auna abin da suke yi, ya yi wa Mubi aiki.

9. Firji ba gidan tumatir ba ne. A 2016 masana a Jami'ar Florida suka nuna cewa tumatirin da ya yi mako guda a sanyin digiri 5 yana rage samar da sinadaran ƙamshinsa, kuma ko an fito da shi ba ya dawowa daidai. A ajiye shi a kwando a inuwa, sai wanda ya nuna sosai ko aka yanka a sa a sanyi na kwana ɗaya ko biyu. Mangwaro da ayaba da gwanda ma a waje suke nuna. Idan ana so su yi sauri, a haɗa su da nunanniyar ayaba a takarda ko kwali, iskar da take fitarwa za ta taimaka. Wanda aka nunar da kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai, yakan yi rawaya a waje alhali cikinsa da tsami da tauri. A shinshina wajen hancin mangwaro kafin a biya kuɗi. Wanda ya nuna da kansa ba ya ɓoye ƙamshi.

10. Man shanu yana lalacewa ne saboda ruwa da ragowar nonon da ke cikinsa. A soya shi a wuta kaɗan har kumfa ta kwanta, a tace, a zuba a busasshiyar kwalba. Man gyaɗa kuma haske da iska ke sa shi maƙaƙi, don haka kada a sayi wanda ya wuni a rana a farar gora, kada a haɗa sabo da wanda aka riga aka yi suya da shi.

11. Akwai abin da hanci ba ya kamawa. Wari da tsami da bashi gargaɗi ne, a saurare su, amma rashinsu ba shaidar lafiya ba ne. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara da busasshen barkono idan an ajiye su da laima tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ba ta da wari, kuma dahuwa da suya ba sa kashe ta. An gano ta ne bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Cinta kaɗan-kaɗan na shekaru yana lalata hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Saboda haka kafin a soya gyaɗar kunu ko ta ƙuli, a zuba ta a faifai cikin haske a tsince ta da ido: duk wadda ta yamutse, ta canza launi, ta fashe ko ƙwaro ya huda, a fitar. Kada a ba kaji ko saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta nono. Buhun da za a ajiye kuma a tabbatar ya bushe ƙayau, a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.