Me ya sa ƙosai ke riƙe ciki?

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne a Kimba, kullum ina zirga-zirga tsakanin Jega da Aliero. Lafiyata ƙalau. In na ci biskit da lemo da hantsi, kafin azahar yunwa ta dawo, amma ƙosai yakan kai ni la'asar. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, cikinka bai yi maka ƙarya ba. Biskit fulawa ce da sukari. Nan da nan suke narkewa, sukarin jini ya yi sama, ya sauko da sauri, sai yunwa ta taso. Wake kuwa, da danginsa irin su gurjiya da waken suya, suna da furotin da harza, sitacinsu kuma ba ya saurin narkewa. Abincin yakan daɗe a ciki, sukari ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan. Sau da yawa ma amfanin yakan kai ga abincin da za ka ci daga baya.

Sai dai ƙosai mai yake sha. Dubi takardar da aka naɗe maka shi, yadda take jiƙewa sharkaf. Shi ya sa na fi son alala ko dafaffiyar gurjiya. Kuma in ka haɗa ƙosan da koko mai cokali uku na sukari, ka rage ribar.

Gyaɗa ma tana riƙe ciki, amma kusan rabinta mai ne, cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci, zubar da ita, tana illa ga hanta.