Ina tunawa take zaune?

Malam ya faɗi lambobi biyar. Ka riƙe su har ka rubuta a allo, sa'an nan ka manta. Amma hawan keke da ka koya bara, har yau ba ka manta ba. Me ya sa?

Ƙwaƙwalwa ba ta tara kome a rumbu ɗaya. Tana da rumbuna dabam dabam. Masana sun gane haka wajen mutane da birai, don ƙwaƙwalwar biri ta yi kama da tamu ƙwarai.

A shekarar 1971, a Amurka, wani masani mai suna Fuster ya yi gwaji da birai. Ana ɓoye ɗan abinci a gaban biri, a rufe, a sa shi ya jira. Fuster ya ga wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi suna ta aiki muddin biri yana jira. Da ya ɗauki abincin, sai su lafa. Nan ne ake riƙe abu na ɗan lokaci, kamar lambobin malam.

Can ciki, kusa da kunnuwa, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Sunansa hipokam. Labarin Henry Molaison ya nuna aikinsa. Molaison yana da farfaɗiya mai tsanani. A 1953, yana da shekara 27, likita ya cire masa yawancin wannan sashe, dama da hagu. Farfaɗiya ta yi sauƙi. Amma kaico! Daga ranar nan sabon abu ba ya zama a kansa. Ya gaisa da baƙo, baƙo ya fita ya komo, sai ya sake gaishe shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Gidansu na ƙuruciya kuwa bai manta da shi ba.

Wata masaniya, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro da alƙalami, yana duban hannunsa cikin madubi kawai. Ku gwada, da wuya! Kwana uku yana yi, kullum hannunsa yana ƙara gwaninta. Shi kuwa bai tuna ya taɓa yi ba. Ashe abin da hannu ya koya, a wani wuri dabam ake ajiye shi. Molaison ya rasu a 2008.

Tambayoyi
1. Me ƙwayoyin bayan goshi suke yi sa'ad da biri yake jira?
2. Wane abu Molaison ya kasa bayan 1953?
3. Ka samo madubi, ka bi zanen tauraro sau biyar. Me ka gani?